Fashin baƙi: Me ya sa mai gaskiya ke asara a kasuwar motoci ta haraj, kuma me jami'a ke koyarwa a kai?

Kusan wata guda kenan majalisarmu ta bayan isha'i a nan Jidda ba ta da wani zance sai na amana. Wannan ya ce yaron shagonsa ya cinye masa jari, wancan ya ce ya tura kaya Kano ta kago an ce masa kasuwa ta faɗi, wani kuma yana kukan kuɗin ta'amin, wato inshorar mota. Abin da ya tayar da maganar shi ne kawuna ya kai Camry ɗinsa haraj, wato kasuwar motocin hannu, motar da ya riƙe shekara shida kamar ƙwai, bai taɓa tsallake canjin mai ba, amma duk wanda ya zagaya ta ya buɗe gaba ya leƙa sai ya taya ta kuɗin akwala. Ya dawo ransa a ɓace, ya dube ni ya ce "kai da kake karatun tattalin arziki a jami'a, wai me ake koya muku ne in ba za ku iya gaya min dalilin da ya sa mutumin kirki yake faɗuwa a kasuwa ba?" Na ce Kawu ai wannan tambayar taka zango guda muka yi a kanta. Da na fara bayani sai wani dattijo ya katse ni, ya ce shi ya ji ana cewa a darasin nan ana koya wa yara su ɗauki kowa maƙaryaci ne.

Toh tambayar kenan: lalacewar zukata ce kaɗai ta kawo mu nan, ko akwai wani abu a tsarin cinikin kansa da yake korar mai gaskiya ko da mutane ba su canza ba? Kuma shi darasin, yana gyara amana ne ko rusa ta yake?

Wane darasi ne wannan tukunna

Ilimin tattalin arziki kashi biyu ne manya. Akwai mai kallon ƙasa gaba ɗaya, hauhawar farashi da darajar riyal da rashin aikin yi. Akwai kuma mai kallon mutum ɗaya, shago ɗaya, ciniki ɗaya, wanda a aji da Larabci ake ce masa iƙtisadul juz'i. A shekarar farko ana koya maka shi cikin sauƙi, mai saye ya san abin da yake saye, mai sayarwa ya san abin da yake sayarwa, farashi ya daidaita su shikenan. Sai ka kai matakin gaba, ajin ƙarshe ko digiri na biyu, malami ya ce toh yanzu mu cire wancan zaton, mu ɗauka ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba. Daga nan kusan duk abin da ka haddace a baya sai ya fara girgiza.

Kalmomi biyu ne ginshiƙin. Na farko ɓoyayyen sani, wato abin da ke cikinka wanda abokin cinikinka ba shi da hanyar gani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu kwaɗaitarwa, hawafiz da Larabci, wato abin da yarjejeniya take sa mutum ya ga ya fi masa riba ya yi, ko an sa masa ido ko ba a sa ba. Duk lissafin da ake cika allo da shi, a kan haɗuwar waɗannan biyun yake.

Zaɓen tumun dare: lissafin motar Kawu

A 1970 wani Ba'amurke George Akerlof ya fitar da wata 'yar maƙala a kan kasuwar motocin hannu, kuma sai da mujallu 3 suka ƙi buga ta kafin ta huɗu ta karɓa, wasu na ganin maganar ta yi ƙanƙanta. A 2001 ita ta kai shi ga kyautar Nobel tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz.

Ga yadda na yi wa Kawu lissafin a bayan takardar burodi, lambobin misali ne kawai. A ce rabin motocin da ke haraj lafiyayyu ne, mai saye zai iya biyan riyal 30,000 a kan irinsu in ya tabbatar, mai ita kuma ba zai sallama ƙasa da 26,000 ba. Ɗaya rabin masu ciwo ne a ciki, giya ta kusa tafiya ko an taɓa juya mita ko ruwan sama ya taɓa shanye ta an busar an goge, irinsu ba su wuce 14,000 ba. A ido duk ɗaya suke, duk an wanke an sa turare. Kai mai saye me za ka taya? Ba za ka ba da 30,000 ba don kana iya kwasar mai ciwo, sai ka tsaya tsakiya, 22,000. Mai akwala zai ce sallama da gudu. Kawu zai ce albarka ya ja motarsa gida. Gobe masu saye sun lura cewa masu motar kirki ba sa sallamawa a wannan kuɗin, duk wadda aka saki a 22,000 akwai dalili, sai tayi ya ƙara sauka, masu matsakaiciyar mota su ma su janye, a ƙarshe filin ya koma na akwala zalla.

Abin da nake so a lura da shi, a cikin wannan lissafin ba sai kowa ya zama ɓarawo ba. Mai saye bai zalunci Kawu ba, kare kansa yake yi. Kawu bai yi ƙarya ba. Kaɗan ne masu ɓoye aibi, amma da yake ba a iya bambance su, kowa ya biya kuɗin laifinsu, kuma wanda ya fi kowa biya shi ne wanda kayansa suka fi kyau. Wannan shi ake kira ihtiyarul aksi a littattafan Larabci, ni kuma ban ga sunan da ya dace da shi kamar zaɓen tumun dare ba.

Haka abin yake a ta'amin. In kamfani ya sa kuɗi ɗaya ga kowa, direba mai natsuwa zai ga an yi masa tsada ya ƙi saye, mai gudun wuce sa'a ya ga araha ya saya, kamfani ya ga asara ya ƙara kuɗi, masu natsuwa su ƙara gudu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasashe ke wajabta shi a kan kowa, a nan ma tun Oktoban 2023 kyamara ce ke kama motar da ba ta da ta'amin mai aiki. Haka ma bashi: Stiglitz da Andrew Weiss sun nuna a 1981 cewa banki zai iya hana ka kuɗi ko da ka ce za ka biya riba fiye da kowa, don wanda ya fi saurin yarda da tsada sau da yawa shi ne wanda bai damu da biya ba.

Ta yaya mai gaskiya zai nuna shi mai gaskiya ne

Kawu ya ce ai na rantse musu. Na ce Kawu wanda ke kusa da kai mai akwalar ma ya rantse, har ya fi ka ɗaga murya. Nan ne aikin Spence na 1973 ya shigo. Alama ba ta raba mai gaskiya da maƙaryaci sai in ta kasance mai sauƙi ga na farko mai tsada ga na biyu. Rantsuwa tana da nauyi ƙwarai ga mai tsoron Allah, amma ga wanda ba ya tsoro kyauta ce, shi ya sa a haraj ba ta ɗaga farashi ko riyal ɗaya. Amma ka ce wa mai saye mu je warsha, wato gareji, wadda kai ka zaɓa a ɗora ta a kwamfuta a duba ƙasanta ni zan biya, ko ka ce in giya ta ba ka matsala cikin wata uku dawo min da ita, wannan magana ce da mai akwala ba zai iya furtawa ba don ya san abin da zai biyo baya. Rahoton Mojaz da ke nuna haɗurran da aka rubuta wa mota da yawan waɗanda suka mallake ta, da takardun canjin mai da ka adana, duk aikinsu ɗaya, su fito da abin da ke cikinka zuwa inda ido zai gani.

Spence kansa a kan takardar makaranta ya yi nasa misalin, kuma maganarsa tana da ɗaci: ko da digiri bai koya maka komai na aikin ba, zai iya yi wa mai ɗaukar aiki amfani don ya nuna kai mai iya jure wahalar shekara huɗu ne. Wanda ya gane wannan zai gane me ya sa injiniya sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi, nas da likita sai sun ci jarrabawar hukumar lafiya, kuma tun 2021 aka fara gwajin sana'a ga masu aikin hannu irinsu lantarki da famfo. Na san magina da masu walda a cikinmu da suka fi masu takarda iya aiki nesa ba kusa ba, amma ƙwarewarsu ɓoyayyen sani ce, a hannunsu take, mai ba da kwangila ba ya ganinta a fayil.

Wani lokaci kuma wanda bai sani ba ne yake shirya tarkon da zai sa ka bayyana kanka. Ka je sayen ta'amin shamil, wanda ya haɗa har da gyaran motarka, sai a ba ka zaɓi, ko ka biya kuɗi kaɗan amma in an yi haɗari kai za ka fara ɗaukar kaso mai yawa, wanda suke kira tahammul, ko ka biya da yawa tahammul ɗinka ya zama kaɗan. Ba su tambaye ka ko kai mai ganganci ne ba, sun san ba za ka faɗa ba, zaɓinka ne zai faɗa. Michael Rothschild da Stiglitz suka yi lissafin wannan a 1976, kuma abin da ya fito shi ne direban kirki yana samun sauƙin kuɗi amma dole ya ɗauki haɗarin da bai so ɗauka ba, don kawai a bambance shi. Ko a nan ma shi ya biya.

Bayan an ƙulla: aikin da ido ba ya kaiwa

Duk na sama kafin ciniki ne. Akwai matsala ta biyu da ke farawa bayan an sa hannu, ita ce ɓoyayyen aiki. Larabci ya fassara ta da haɗarul ahlaƙi, sunan yana sa mutane su ɗauka zagi ne alhali maganar ta fi haka sauƙi: mutum yana canza yadda yake kula da abu in ba shi zai ɗauki asarar ba. Kenneth Arrow ya tattauna ta a 1963 a kan harkar asibiti da inshorar lafiya.

Misalin da kowa zai gane shi ne mota da direba. Kana da dabab ko ƙaramar motar ɗaukar kaya ka ba wani. In ka yanka masa albashi tsayayye, ranar da zafi ya kai arba'in da biyar me zai sa ya yi lodi na biyar? In ka ce ya kawo maka balas kullum sauran nasa, irin yadda ake yi da adaidaita sahu a Kano, zai yi aiki kamar ransa zai fita amma motar ce za ta ji a jikinta, ba hutu ba gyara, kuma ranar da babu kasuwa shi kaɗai zai kwana da yunwa alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi. In kuka ce a raba abin da aka samu, kun raba haɗarin amma yanzu sai ka yarda da lissafin da ya kawo maka da yamma. Babu ɗaya a ciki da ba shi da ɓaraka. Babban darasin wannan babin kenan, duk lokacin da ka ƙara wa mutum kwaɗayin ƙoƙari ka ƙara ɗora masa haɗari, duk lokacin da ka sauke masa haɗari ka rage masa kwaɗayin ƙoƙari, sai dai a nemi inda ciwon ya fi sauƙi. Stiglitz ya yi amfani da wannan a 1974 ya bayyana dalilin da ya sa noman raba amfani tsakanin mai gona da manomi ya daɗe a duniya duk da masana na ta kushe shi, Bengt Holmström kuma ya zurfafa lissafin har ya samu Nobel a 2016 tare da Oliver Hart.

'Yan Kano-Jidda sun fi kowa sanin wannan ciwon. Ka sayi abaya da dabino da turare ka tura, wakilinka a Kwari ko Sabon Gari ya ce an sayar da asara. Wataƙila gaskiya ne naira ta faɗi a satin, wataƙila kuma ba haka ba ne, kai kana nan ba ka da hanyar rabewa. Wannan fa shi ne ƙiradi ko mudaraba da ke cikin littattafan fiƙihu, ɗaya da kuɗi ɗaya da aiki, riba a raba, asarar kuɗi a kan mai kuɗi in babu sakaci. Kuma shi ya sa bankunan Musulunci, duk da a takarda mudaraba da musharaka, wato haɗa jari, ake yabo, a aikace mafi yawan harkarsu murabaha ce, su saya su sayar maka da riba sananniya, don ba sa iya zama a shagon kowa su ƙirga cinikinsa. Masu binciken tattalin arzikin Musulunci sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan, a nan Jami'ar Sarki Abdul'aziz ma akwai cibiya guda ta wannan fanni da aka kafa bayan taron duniya na farko da aka yi a Makka a 1976.

A tsara cinikin yadda faɗin gaskiya zai fi riba

Wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni kuma shi ya fi wahala a jarrabawa. Maimakon ka karɓi kasuwa yadda take, sai ka tambaya wace ƙa'ida zan kafa da za ta sa kowa, don son kansa ma, ya fito da abin da ke cikinsa. Leonid Hurwicz da Eric Maskin da Roger Myerson sun samu Nobel a kansa a 2007.

Amma ni ranar da malami ya fara babin, Muwaɗɗa ce ta faɗo min. Manzon Allah (SAW) ya bar wa Yahudawan Haibara gonakin dabino su yi aiki a raba amfani biyu, yana tura Abdullahi bin Rawaha ya kintata yawan 'ya'yan da ke kan itace, in ya kintata sai ya ce musu in kun so ku ɗauka ku ba mu rabin abin da na faɗa, in kun so mu mu ɗauka mu ba ku. Duba hikimar: in ya kintata da yawa za su ce kai ɗauka, in ya kintata kaɗan za su karɓe su ci riba, ba shi da mafita sai daidai. Irin abin da iyayenmu mata ke yi ne in yara biyu na rigima a kan nama, ɗaya ya yanka ɗaya ya fara zaɓa. Haka hukuncin Annabi Sulaiman (AS) tsakanin mata biyu da jariri ɗaya, da ya ce a kawo wuƙa a raba, ƙaramar ta ce a'a a bar wa babbar shi, ya gane ita ce uwar. Bai iya shiga zuciyarsu ba, sai ya kafa yanayin da zuciyar ta fito da kanta.

Na zamani shi ne gwanjon William Vickrey na 1961. Kowa ya rubuta tayinsa a rufe, wanda ya fi yawa ya ɗauka, amma kuɗin na biyu zai biya. A ce ka ga motar ta kai 27,000 a wurinka, wani ya rubuta 24,000, wani 20,000. Kai ka ci, ka biya 24,000. In ka rage tayinka don wayo ba ka rage abin da za ka biya ba, ka dai ƙara yiwuwar ta kuɓuce maka, in ka ƙara kuma kana iya cin ta a kuɗin da ya fi ƙarfin amfaninta gare ka. Don haka rubuta gaskiyarka shi ne dabara mafi kyau.

Sai dai kar a ɗauka kowace matsala tana da irin wannan maganin. Myerson da Mark Satterthwaite sun tabbatar a 1983 cewa in mai saye da mai sayarwa kowa na ɓoye iyakarsa, babu wata ƙa'ida da za ta tabbatar duk cinikin da ya kamata ya faɗa ya faɗa ba tare da wani na waje ya cika kuɗi ba. Wato wannan albarka, ƙara dai, wallahi ban saya haka ba, har mutum ya juya ya tafi alhali da zai iya biya kuma kai da za ka iya sallamawa, ba taurin kai ne kawai ba, wani ɓangarensa ba ya gyaruwa.

Masu cewa darasin yana kashe amana

Dattijon da ya katse ni yana da hujja kuma ban raina ta ba. Lissafin yana farawa ne da zaton kowa ribarsa yake bi, kuma in ka gina komai a kan wannan zaton kana iya koya wa mutane su zama hakan. An yi wani gwaji a gidajen renon yara a Haifa da aka buga a 2000, an sa wa iyaye tarar kuɗi kaɗan in sun makara ɗaukar 'ya'yansu, sai makarar ta ƙaru, don da kunya ce ke hana su, da aka sa kuɗi sai suka mayar da shi farashi, kuma da aka cire tarar ba su koma yadda suke ba. Holmström da Paul Milgrom su ma sun yi gargaɗi a 1991 cewa in aiki yana da fuskoki da yawa ka biya lada a kan wadda ake iya ƙirgawa kaɗai, sauran za su mutu, malamin da ake biya da yawan waɗanda suka ci jarrabawa zai bar tarbiyya ya koma haddar amsa. Bankin Wells Fargo a Amurka ya matsa wa ma'aikata da yawan asusun da za su buɗe, suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, a 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185.

Wasu malaman kuma cewa suke ai duk wannan addini ya riga ya gama da shi, ga hadisin tarin abincin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu ya ji danshi a ƙasa ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, ga hanin garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, ga zaɓin mayar da kaya saboda aibi. Gaskiya ne, kuma ni a nawa ganin wannan hujja ce a gefena. Shari'ar da ta yi wa'azin gaskiya ita ce kuma ta saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan a rubuta bashi a kafa shaidu, ta halatta jingina, ta sa mai duba kasuwa. Ba ta tsaya a kan zaton kowa salihi ne ba, kuma ba ta ce kowa ɓarawo ne ba. Rubutu da shaida garkuwa ce ga mai amana, don shi ne yake rasa komai in aka kasa bambance shi da maci amana. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ce wa ɗan'uwansa mu rubuta, sai a ce ya zarge shi, bayan shekara biyu zumunci ya watse a kan lissafin da babu wanda ya tuna shi daidai.

Wa ke biyan kuɗin a cikinmu

Hausawan ƙasar nan sun daɗe da nasu maganin tun kafin Akerlof. Dillali da ke cin la'ada ba don ya nuna maka hanyar kasuwa ba ne, sunansa yake jinginarwa, in ya haɗa ka da ruɓaɓɓe gobe babu mai zuwa wurinsa. Mai masauki da ke tsaya wa baƙo, uwar adashi da ta san wadda za a ba kwasar farko da wadda sai ta ƙarshe, limamin da ake tambaya kafin a ba da aure, duk rumbun bayani ne. Amma wannan tsarin yana aiki ne in ana zaune wuri ɗaya ana ganin juna gobe da jibi. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irinsu Karantina da Sabil da Gulel, mutanen da suka yi shekara talatin ƙofa da ƙofa suka warwatsu, wani ya yi kudu wani ya yi Makka wani ya koma gida. Ana lissafin gidajen da aka rasa, amma ba a cika lissafa wannan ba, cewa mutumin da duk layi ya san ba ya cin bashi yanzu yana unguwar da babu wanda ya san shi, sunan da ya tara shekara da shekaru bai bi shi ba. Ni ina ganin kaso mai yawa na kukan amana ta ƙare da ake yi daga nan yake.

Abin da ya maye gurbin shi ne na'ura, Absher na harkokin gwamnati da Simah na tarihin bashi da Ejar na hayar gida da Musaned na masu aikin gida, kuma suna aiki ga wanda ke cikinsu. Wanda iƙamarsa ta mutu ko bai taɓa samu ba, ba shi da tarihin da zai nuna, ba shi da alamar da zai ɗaga, sai a yi masa hukunci da abin da ake zaton irinsa suna yi, a ce ai takari ne, wake ɗaya ya ɓata gari. Lissafin motar Kawu ne dai, sai dai a nan mutum ne ake tayawa kuɗin akwala.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce yarinyar da ejan ya samu a ƙauye ya ce mata aikin gida ne mai sauƙi ga Ka'aba kusa. A nan ɓoyayyen sanin yana hannun mai ƙarfi, shi ya san gidan da za ta, ya san yawan mutanen gidan, ya san ainihin albashin, ita ba ta san komai ba, kuma la'adarsa tana fita ne ranar da ta sauka ba ranar da ta gama kwantiragi lafiya ba, toh me zai kwaɗaitar da shi ya faɗa mata gaskiya? Gyaran dokar aiki da ya fara ranar 14 ga Maris 2021 ya ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki ba tare da yardar kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsu, ba bayan cika sharuɗɗa, amma bai haɗa da masu aikin gida ba. Biyan albashinsu ta hanyar lantarki da aka fara wajabtawa a matakai daga 2024 ya taimaka don ya mayar da gardamar "na biya, ba ka biya ba" abin da ake iya dubawa. Da za a riƙe wani kaso na kuɗin ejan sai bayan wata shida ita da bakinta ta tabbatar abin da aka faɗa mata shi ta tarar, da yawancinsu sun canza irin gidajen da suke turawa.

Ga ɗalibin da zai shiga ajin

Ƙannena da ke shirin ɗaukar darasin, ku gyara lissafinku tun yanzu, musamman kalkulas da ilimin yiwuwa da ka'idar wasanni, don allo zai cika da alamomi kuma yawancin littattafan da Ingilishi suke. Duk lissafin da aka ba ku za ku ga sharaɗi biyu suna maimaituwa, ɗaya cewa mutumin ya yarda ya shiga yarjejeniyar, ɗaya cewa bayan ya shiga gaskiya ko ƙoƙari ya fi masa riba, in kun kama waɗannan biyun sauran ado ne. Kuma in lokacin rubuta bincike ya zo ku waiwayi adashin iyayenku mata da harkar kago da yadda ake ba yaron shago jari a sallame shi, akwai aiki a wurin.

Kawu dai bai koma haraj ba. Satin da ya wuce wani tsohon maƙwabcinsa na Sabil da yanzu yake zaune a Bahra ya ji labari ya kira shi, mutumin da ya sha shiga motar zuwa Makka kuma ya san makanikin da ke duba ta. Bai buɗe gaba ba, bai nemi fahas, wato a duba lafiyar motar, ba, ya biya kuɗin da Kawu ya faɗa, suka je aka canza istimara, takardar rajistar motar, a ranar.